Marayu da Mai Son Cinye Gadonsu: Wanne Daga Cikin Littattafan Nan Uku Ya Dace da Yaronka?

A adabin yara na Ingila da Amurka akwai wani irin labari da ake yawan komawa gare shi: yara sun rasa iyaye, an damƙa su a hannun wani babba, shi kuma idonsa na kan abin da aka bar musu. Littattafai uku masu wannan zubi ko kusa da shi sun yi suna har yau ana sake buga su. Akwai The Bad Beginning na Lemony Snicket, akwai The Wolves of Willoughby Chase na Joan Aiken, sai The Boxcar Children na Gertrude Chandler Warner. Duk ukun ana sayar da su a matsayin littattafan yara, kuma wanda ya duba bangonsu kawai zai ɗauka kowanne ya ɗauko ya wadatar. Ba haka ba ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu, wato na Snicket, shi ne aka fi saya wa yaron da bai dace da shi ba.

Wannan bayani na mai saye ne, uba ko uwa ko malami, don haka za a tona yadda labaran suka ƙare.

Marayun gidan Baudelaire

The Bad Beginning ya fito a 1999. Shi ne na farko a jerin littattafai 13 da ake kira A Series of Unfortunate Events, wanda aka kammala a 2006. Sunan marubucin na gaskiya Daniel Handler, Ba'amurke ne, amma a bango Lemony Snicket za a gani, kuma wannan Snicket ɗin shi ne mai ba da labarin a ciki. Littafin na farko bai wuce shafi 160 da 'yan kai ba, babi 13, da zane-zanen Brett Helquist.

Yaran uku ne. Violet 'yar shekara 14, gwanar ƙere-ƙere, wadda in ta ɗaure gashinta sama to ta shiga tunanin abin da za ta haɗa. Klaus ɗan shekara 12, mai tabarau, sarkin karatu. Sai Sunny, jaririya mai haƙora huɗu masu kaifi. Gobara ta cinye gidansu da iyayensu a rana ɗaya. Ma'aikacin banki, Mista Poe, shi ke kula da wasiyya, kuma wasiyyar ta ce ɗan'uwa ne zai riƙe yaran, dukiyar kuma ba mai taɓa ta sai Violet ta girma. Da wannan hujja ya kai su wurin Count Olaf, wani ɗan wasan kwaikwayo da ke da dangantaka ta nesa da su, mai gira ɗaya a haɗe da zanen ido a idon sawunsa.

Olaf ya ba su ɗaki ɗaya da gado ɗaya, ya ɗora musu aikin gida. Ranar da suka dafa wa baƙinsa taliya maimakon gasasshen naman da bai ma ce musu yana so ba, ya mari Klaus a gaban mutane. Yaran suka je banki suka kai ƙara. Mista Poe ya ce musu Olaf yanzu shi ne a matsayin uba, yana da ikon tarbiyyarsu yadda ya ga dama, ya sallame su. Daga nan Olaf ya shirya wasan kwaikwayo wanda a ciki zai auri Violet, ya gayyato maƙwabciyarsu Mai Shari'a Strauss, alƙaliya ta gaske, ta fito a matsayin mai ɗaura aure, don auren wasa ya zama na gaskiya a doka, dukiyar ta dawo hannunsa. Klaus ya kwana yana karanta littafin dokar aure har ya gano makircin. Olaf ya sa aka ɗaure Sunny a keji aka rataye ta daga saman hasumiyar gidansa, ya ce in Violet ta ƙi, za a sako kejin ƙasa. Violet ta lanƙwasa sandar labule ta yi ƙugiya, ta yayyaga tufafi ta yi igiya, ta hau cikin dare, aka kama ta a sama. Abin da ya cece su a ƙarshe shi ne ta sa hannu a takardar auren da hagu alhali ita da dama take rubutu, alƙaliyar ta ce sa hannun bai cika sharaɗin doka ba. Aka kashe fitilu, Olaf ya tsere. Mai Shari'a Strauss ta nemi a ba ta yaran ta riƙe, Mista Poe ya ce wasiyya ta ce sai ɗan'uwa, ya zuba su a mota.

Abu na farko da mai saye zai auna shi ne maganar auren nan. Babu batsa a fili, amma Olaf da wani cikin yaransa sukan yaba kyawun Violet ta hanyar da ke tayar da tsigar jiki, kuma da gangan marubucin ya yi haka don a ƙi su. Akwai kuma giya a gidan Olaf, an nuna ta a matsayin ɓangaren ƙazantarsa. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 zai ɗauki duk wannan a inda aka ajiye shi. Ɗan shekara 8 zai iya zuwa da tambayoyi, kuma gara a ce babba ya riga ya karanta babi na 8 zuwa na ƙarshe kafin tambayoyin su iso.

Abu na biyu shi ne Mista Poe, wanda a ganinmu ya fi Olaf muhimmanci. Yaron da ke zuwa Islamiyya ba ya bukatar a gaya masa matsayin Olaf, don ya ji abin da Suratun Nisa'i ta ce a aya ta 10 game da masu cin dukiyar marayu da zalunci. Amma Poe ba ɓarawo ba ne. Bai ci ko kwabo ba. Laifinsa shi ne yara sun zo masa da shaidar mari a fuska, ya fi yarda da takarda da maganar babba ɗan'uwansa. A gidajen da aka tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa babba, wannan babi yana buɗe ƙofar wata hira mai amfani: in wani ya cuce ka ka faɗa, in wanda ka faɗa wa bai saurara ba ka faɗa wa wani. Sai dai in an bar yaro shi kaɗai da littattafan 13, darasin da zai iya fitowa da shi daban ne, wato manya duk ko mugaye ne ko sakarkaru. A cikin jerin, manyan kirki ko dai a kashe su ko su gaza a lokacin da aka fi bukatarsu. Kawu Monty, masanin macizai da ya riƙe su da ƙauna a littafi na 2, Olaf ya kashe shi. Gwaggo Josephine ta littafi na 3 Olaf ya tura ta cikin tafki mai cike da matsattsaku.

Na uku shi ne harshen, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Jimlolin littafin farko ba su da tsawo sosai, mai ba da labarin kuma yakan tsaya ya bayyana ma'anar kalma mai wuya, sai mai saye ya ce ga littafin koyon Turanci. Matsalar ita ce Snicket da gatse yake magana daga farko har ƙarshe. Tun a shafin farko yake ce wa mai karatu ya ajiye littafin ya nemi wani in yana son labari mai daɗin ƙarshe. Bayanin kalmomin nan ma wani na gaskiya ne, wani kuwa ma'ana ce da ta dace da wannan wurin kaɗai, an yi ta don raha. Yaron da Turanci harshensa na biyu ne, bai kai ga gane gatse a rubuce ba, zai haddace ma'anar raha ya kai ta cikin insha'in makaranta. Maganin wannan mai sauƙi ne: ƙaramin littafin rubutu da ƙamus a gefe, duk kalmar da Snicket ya bayyana yaro ya rubuta ta, bayan an gama babi a duba ko ƙamus ya yarda da shi. Yaran da suka kai ga wannan mataki sukan mai da shi wasa, suna farautar inda ya zolaye su.

Littafi na 3, The Wide Window, ya fi nuna wannan. Gwaggo Josephine mace ce mai tsananin kula da nahawu, ta bar wasiƙa cike da kurakuran rubutu, Klaus ya gane cewa da gangan ta yi su, ya tattara haruffan da ke cikin kurakuran suka ba shi sunan kogon da ta ɓuya. Ɗalibin ƙaramar sakandare mai ƙarfin Turanci zai ji daɗin wannan matuƙa, har ya ɗauki fensir ya gwada da kansa. Ɗan aji 4 na firamare zai wuce wurin bai san an yi wani abu ba.

Sai batun tsawon jerin. Daga littafi na 2 zuwa na 7 zubin kusan ɗaya ne: sabon mariƙi, Olaf ya zo cikin shigar burtu, yara sun gane shi nan take, manya sun ƙi yarda. Wasu yaran suna son wannan maimaici, wasu kuwa sukan gaji tun a na 4. Asirin gaske, na wata ƙungiyar ɓoye mai haruffan V.F.D., bai fara ba sai a na 5. Daga na 8 yaran sun zama masu gudun hukuma bisa zargin kisan da ba su yi ba, littattafan sun ƙara kauri har na ƙarshe-ƙarshe sun haura shafi 300, kuma yaran da kansu sun fara aikata abin da suke ƙi, har da taimakawa wajen cinna wa otal wuta a na 12. Na 13 bai amsa tambayoyi da yawa da aka tara ba. Wannan ba rauni ba ne ga mai karatu ɗan shekara 13 da ya fara gane cewa ba kowane abu ake warwarewa ba, amma yaron da ya saba da tatsuniyar da 'yar bora ke shan wuya sannan ta auri ɗan sarki zai ji an ci amanarsa.

Bonnie da Sylvia a hannun Miss Slighcarp

The Wolves of Willoughby Chase ya girmi na Snicket da shekara 37, don a 1962 ya fito a Ingila. Yaran a nan 'yan mata biyu ne, ba uwa ɗaya uba ɗaya ba, 'ya'yan wa da ƙani ne. Bonnie 'yar attajiri Sir Willoughby ce, mai zafin zuciya da rashin tsoro. Sylvia marainiya ce, mai sanyin hali, wadda tsohuwar gwaggonsu Jane ta rena a Landan cikin talauci. Mahaifiyar Bonnie ba ta da lafiya, mijinta ya tafi da ita doguwar tafiya a jirgin ruwa, ya bar gida da yara a hannun Miss Slighcarp, wata 'yar'uwa ta nesa da aka ɗauko ta koyar da su.

Iyayen na juya baya ta sa kayan matar gidan, ta kori masu aiki, ta kulle Bonnie a kabad. Ta wata ɓoyayyar hanya a cikin bango yaran suka leƙo suka ga ita da abokin makircinta Mista Grimshaw, gwanin rubutun jabu, suna ƙona wasiyyar gaskiya suna shirya wata. Da labari ya zo cewa jirgin ya nutse, ta kai su gidan marayu na Misis Brisket a garin masana'antu na Blastburn, inda ake yanke wa yara gashi, a kira su da lamba maimakon suna, a sa su wanki cikin sanyi, wadda ta kai tsegumin 'yar'uwarta kuma a ba ta ɗan cuku lada. Simon, yaron da ke kiwon dinyoyi a dajin gidansu, shi ya fitar da su, suka bi shi da garkensa har Landan. A can suka sami likita da lauyan gidansu da 'yan doka suka saurare su. Aka kama masu makirci, iyayen Bonnie kuma suka dawo da ransu.

Bambancinsa da na Snicket a fili yake. Mugunta a nan ma da gaske take, yunwa da duka da sanyi duk an nuna su, amma akwai manyan da ke tsayawa: Pattern mai aiki da ta ɓuya a gidan tana kawo wa yaran abinci, James da ya yi kamar yana tare da Slighcarp, likitan da ya yarda da maganarsu. Labarin kuma ya ƙare a littafi ɗaya. Aiken ta ci gaba da jerin da wasu taurari, amma ba dole ne a bi su ba. Ga iyayen da ke son littafi ɗaya mai makirci na gaske da hukunci a ƙarshe, wannan ne ya fi cika sharaɗi cikin ukun.

Wahalarsa harshe ne, kuma wahala ce ta daban da ta Snicket. Babu gatse, abin da aka faɗa shi ake nufi, amma jimlolin dogaye ne, cike da sunayen tufafi da karusai da kayan gidan masu kuɗi na ƙarni na 19, mutanen karkara kuma suna magana da karin harshen arewacin Ingila. Ba mai tsayawa ya bayyana kalma. Yaro mai matsakaicin ƙarfi yakan maƙale a babin farko. Hanyar da ta fi aiki ita ce babba ya karanta masa babi biyu na farko a bayyane, har zuwa inda kyarketai suka afka wa jirgin ƙasan da Sylvia ke ciki. Daga nan son sanin abin da zai faru yakan ja shi ya tsallake kalmomin da bai sani ba.

A kuma gaya wa yaro tun farko cewa tarihin da ke ciki ƙirƙirarre ne. An kafa labarin a 1832 ƙarƙashin wani Sarki James na Uku wanda bai taɓa mulkin Ingila ba, kyarketan kuma wai sun shigo ne ta ramin ƙarƙashin teku daga Faransa, ramin da a gaske sai 1994 aka buɗe shi.

'Ya'yan taragon jirgi

The Boxcar Children shi ne mafi sauƙi, da nisa. Warner malamar firamare ce a garin Putnam na jihar Connecticut a Amurka. Ta fitar da shi a 1924, sannan ta sake rubuta shi da sauƙaƙan kalmomi a 1942, don wasu cikin ɗalibanta ba Turanci ake yi a gidajensu ba. Wannan kaɗai ya sa ya dace da yaranmu masu fara karatun littafi mai babi-babi.

Marayu huɗu, Henry da Jessie da Violet da ƙaraminsu Benny, suna gudun kakansu da suke zaton mugu ne, suka sami tsohon taragon kaya a daji suka mai da shi gida. Suka tsinto kwanoni a juji suka wanke, suna ajiye madara a bayan ruwan da ke zubowa daga dutse don kada ta lalace, Henry yana aikin ƙodago a gidan wani likita. Da Violet ta kwanta ciwo aka gano kakan, ashe attajiri ne mai kirki da ke ta nemansu.

Babu mugu mai makirci a nan, babu kuma asirin da za a warware a littafin farko, sai a na gaba-gaba ne yaran suka zama masu bincike. Warner ta rubuta 19 na farko, sauran da suka haura 100 wasu ne suka rubuta da sunanta, kuma ba su kai nata ba. Yaro ɗan shekara 11 da ya saba karatu zai gama shi a zama ɗaya ya ce na ƙanana ne. Ga ɗan shekara 7 zuwa 9 kuwa, ko babba da shi wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, da wuya a sami mafarin da ya fi shi.

Yadda za a gwada kafin a biya kuɗi

Shekarun da aka rubuta a bayan littafi an yi su ne don yaran da Turanci harshen uwarsu ne, don haka kada a dogara da su. A buɗe tsakiyar littafin, yaro ya karanta cikakken shafi a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa ya karanta shi kaɗai. Biyu ko uku shi ne daidai. Wannan gwaji ya isa ga na Warner da na Aiken.

Ga na Snicket bai isa ba, don yaro na iya furta kowace kalma bai gane ana zolaya ba. A ba shi shafin farko, sannan a tambaye shi ko mutumin nan da gaske yake so a ajiye littafin. In ya yi murmushi ya ce dabara ce ta jan hankali, ya kai. In ya ce to a ba shi wani tunda an ce wannan ba daɗi, a ajiye masa shi zuwa baɗi.

Akwai yanayi ɗaya da ya fi ƙarfin gwajin karatu, wato yaron da shi kansa bai daɗe da rasa uwa ko uba ba, ko yake zaune a hannun dangi. Na Snicket ya bayyana zafin rashi da gaskiya, ba ya yi wa yaro ƙaryar cewa komai zai dawo daidai, kuma wasu manyan yara sukan sami sauƙi a hakan. Amma labari ne da kowane sabon gida ke rushewa, kuma bai dace a miƙa shi ga ƙaramin yaron da ke ƙoƙarin sabawa da sabon gida ba. Na Aiken ma yana da nasa haɗarin, don iyayen da aka ce sun mutu sun dawo, abin da yaron ya san ba zai faru gare shi ba, duk da cewa Sylvia ta kasance marainiya har ƙarshe kuma ta sami wurin zama cikin dangi. Na Warner shi ne mafi taushi a nan: iyayen ba su dawo ba, amma dangin da ake tsoro ya zama mai ƙauna.

Malamin da ke neman abin karantawa a aji ya lura da tsawon babi. Na Snicket da na Warner babinsu yakan shiga darasi ɗaya har a sami lokacin tattaunawa. Na Aiken sai an raba wasu biyu.

Wajen saye

Kada a sayi littattafan Snicket 13 gaba ɗaya. A fara da uku na farko, in yaro ya nemi na 4 da bakinsa a ci gaba. Dole ne kuma a bi su a jere, don haka wanda ke tsinta a wurin 'yan gwanjo ya duba lambar da ke jiki, kada ya kawo na 9 ga yaron da bai karanta na 5 ba. A duba shafin ƙarshe ma, don kusan kowane littafi yana rufewa da wasiƙar Snicket zuwa ga editansa mai ɗauke da alamun littafi na gaba, kuma shi ne shafin da ya fi saurin yagewa. Masu karatu da Faransanci a Nijar da Cadi da Kamaru za su same shi da sunan Les Désastreuses Aventures des orphelins Baudelaire.

Wanda ya sauko da The Boxcar Children kyauta daga intanet ya duba sunan dangin yaran. In Cordyce ne, bugun 1924 ke nan, mai harshe mafi wuya, wanda ya fara da mutuwar uba mashayi. Wanda aka sauƙaƙa na 1942 sunan dangin Alden ne.

Labarin Baudelaire an yi shi fim a 2004, Jim Carrey ya fito a Olaf, an cusa littattafai uku na farko a ciki an sauya jerin abubuwan, an kai maganar auren ƙarshe. Netflix kuma ta yi shi kashi 25 tsakanin 2017 da 2019, ta bi littattafan sosai, amma tun kashin farko ta fara nuna asirin ƙungiyar ɓoye wanda a littafi sai a na 5 ake jin ƙamshinsa. Yaron da ya riga ya kalla da wuya ya yi haƙurin littattafai huɗu na farko. Tunda kusan kowane littafi kashi biyu aka yi masa, tsarin da ya fi aiki shi ne ya gama littafi sannan a buɗe masa kashi biyun da suka dace da shi.